Maganin Mura Mai Tsanani da Maganin Zazzaɓi: Ana Iya Shansu Tare?

Idan hunturu ya shigo da sanyi da ƙura, tari yakan so ya fi waƙa yawa a cikin sujada, kuma lokacin ne masu kemis suke cin kasuwarsu. A wani zama da muka yi da Zumuntar Mata, wata uwa ta kwance bakin zanenta ta fito da kwali biyu. Ɗaya kafso ne da likita ya rubuta wa maigidanta a asibitin birni, bayan an ce masa mura mai tsanani ce ta kwantar da shi, ga shi kuma dama yana fama da ciwon sukari. Ɗayan kuwa farasitamol ne da kowa ya sani. Ta ce, "'Ya'yana, tun jiya jikinsa kamar garwashi, amma na hana shi farasitamol, don ina tsoro kada magani ya yi faɗa da magani a cikinsa. Na yi daidai?"

Muka ce mata, "Mama, ki ba shi. Waɗannan biyun ba sa faɗa." Amma da muka roƙe ta ta faɗa mana sauran abin da ke kan tagar ɗakinsa, sai ta lissafa maganin mura na kemis, da garin ciwon kai na takarda, da wasu ƙwayoyi masu launi cikin leda marasa suna. A nan ne hankalinmu ya tashi. Ta tsare ƙofar da ba ɓarawo, ta bar wadda yake shigowa a buɗe. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan bayani ga dukan ikkilisiyoyi.

Wace mura muke nufi?

A bakinmu duk abu ɗaya ne, mura. A asibiti kuwa iri biyu ce. Akwai ta yau da kullum, mai yoyon hanci da atishawa, wadda mutum yakan tafi gona da ita. Akwai kuma wadda ake kira infuluwenza. Ita takan faɗo wa mutum farat ɗaya: da safe lafiya lau, kafin yamma ga zazzaɓi mai zafi, ga rawar sanyi, ciwon kai, busasshen tari, da ciwon jiki kamar an yi masa duka. Ita ce ta zo da annoba a 1918, ta sauka Legas ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, wadda kakanninmu suka kira marisuwa. Danginta ce murar tsuntsaye da aka tabbatar da ɓullarta a wata gonar kaji a Jaji, Jihar Kaduna, cikin Fabrairu 2006, karo na farko a Afirka, wadda masu kiwon kaji a cikinmu ba za su manta da ita ba. Danginta ce kuma wadda ta zagaye duniya a 2009.

Abin da ke kawo ta wata 'yar ƙwayar cuta ce da ake kira bairos. Maganin antibayotik, irin su amoksisilin da ja-da-yalo da muke saurin saya, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Yawancin masu ƙarfi a jiki sukan warke cikin mako guda da hutu da shan ruwa. Waɗanda takan kayar su ne tsofaffi, ƙananan yara, mata masu ciki, da masu ciwon sukari, asma, sikila, ciwon zuciya ko ciwon ƙoda, domin takan gangara huhu.

Aikin kowane magani daban

Kafson da aka ba maigidan Mama sunansa oseltamivir, an fi saninsa da sunan kasuwa Tamiflu. An fara amfani da shi a 1999. Likita ne yake rubuta shi, kuma ba kowane kemis na ƙauye ne yake da shi ba. Ga yadda yake aiki. Bairos yakan shiga cikin ƙwayoyin halittar hanci da maƙogwaro da huhu ya hayayyafa, sa'an nan 'ya'yansa su yanke kansu su fito su kama na kusa. Maganin yana hana su wannan yankewa. Kamar mai share gefen gona ne sa'ad da wutar daji take tahowa: bai kashe wutar da ta riga ta ci ba, ya dai hana ta ƙetarewa. Don haka ne ake so a fara shi cikin awa 48 da farawar ciwo. Ko da an makara, likita yakan ba wanda ciwon ya kai shi gadon asibiti.

Babba yakan sha kafso ɗaya mai miligiram 75, safe da yamma, har kwana 5. Yara ana auna musu gwargwadon nauyinsu. Mai ciwon ƙoda ana rage masa, domin ta ƙoda maganin yake fita daga jiki. Kada mu ɗauke shi abin al'ajabi. Ga mai ƙarfi a jiki, abin da yake ragewa daga kwanakin ciwo bai wuce kamar kwana ɗaya ba. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya fi karkata ga ba da shi ga waɗanda ciwon ya yi wa tsanani. Saboda haka ba abin da za mu sayar da akuya mu nemo ba ne don yaro ya yi atishawa.

Tamiflu ba ya sauke zazzaɓi nan take, ba ya kuma kashe ciwon kai. Wannan aikin farasitamol ne. Shi kuma farasitamol bai san da zaman bairos ba, sauƙi kawai yake kawowa don mutum ya iya barci, ya ci abinci, ya sha ruwa. Masu yin maganin sun gwada shi tare da farasitamol, ba a ga ɗaya ya ƙara wa ɗaya ƙarfi ko ya rage masa ba. Ana iya haɗiye su lokaci ɗaya da kofin ruwa ɗaya. Ba sai an ba da tazara ba.

Abin da Tamiflu ya fi jawowa shi ne tashin zuciya da amai, musamman a kwana biyun farko. In an sha shi bayan ɗan kunu ko tuwo, abin yakan yi sauƙi. Akwai wani sabon magani mai suna baloxavir, ko Xofluza, da ya fito a 2018, wanda sau ɗaya tak ake sha. Shi ma yana tafiya da farasitamol, sai dai ba a haɗa shi da nono ko madara, ko maganin ƙwannafi, ko ƙwayar ƙarin jini, domin suna hana shi shiga jiki sosai. In shi aka ba ku, ku ajiye fura da nono sai an jima.

Farasitamol: inda lissafi yake ɓacewa

A nan za mu daɗe kaɗan, domin a ganinmu nan ne hatsarin ya fi yawa. Farasitamol magani ne mai kyau, mai araha, kuma shi ne zaɓi na farko ga yaro da babba da mace mai ciki. Amma yana da iyaka, kuma iyakar ba ta da nisa da abin da muke sha kullum.

Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce. Babba yana shan ɗaya ko biyu, sa'an nan ya jira aƙalla awa 4 zuwa 6 kafin ya sake. Daga safiyar yau zuwa safiyar gobe kada ya wuce ƙwaya 8, wato miligiram 4,000. Wannan ga mai lafiyar hanta ne. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko tsohon da ya rame, ko wanda aka taɓa ce masa yana da ciwon hanta, ko mai shan burukutu ko wata barasa kullum, iyakarsa ta fi haka ƙasa, sai ma'aikacin lafiya ya faɗa masa nawa zai sha. Ba muna zancen burukutu don mu kunyata kowa ba ne. Hanta ɗaya ce take sarrafa barasar da farasitamol ɗin, kuma in mun ɓoye wa nas gaskiya, ba mu ɓoye wa hantar ba.

Yawancin mutane ba sa zama su haɗiye ƙwaya goma da gangan. Abin da ke faruwa shi ne farasitamol yana da sunaye da yawa. Panadol farasitamol ne. Panadol Extra farasitamol ne da aka ƙara masa sinadarin nan mai hana barci da ke cikin goro da kofi. Magungunan mura irin su Procold da Mixagrip akwai farasitamol a cikinsu. Wasu kafson ciwon jiki ma haɗin farasitamol ne da wani magani. Ba laifin magungunan ba ne, kowanne an rubuta abin da ke cikinsa a jikin kwali. Mu ne ba ma dubawa.

Bari mu yi lissafin tare. Mutum ya sha farasitamol biyu da safe, biyu da rana, biyu da dare. Miligiram 3,000 ke nan, bai yi laifi ba. Sai hanci ya toshe, ya ƙara maganin mura mai miligiram 500 sau uku. Ya zama 4,500, ya riga ya ƙetare. Da yamma ɗansa ya dawo daga kasuwa da haɗin da mai kemis ya ƙulla a leda, wanda kusan kullum ba ya rasa farar ƙwaya a ciki. Makwabciya kuma ta kawo nata don zumunci. Ya yi haka kwana uku, ga shi ba ya cin abinci. Kowa a gidan ƙauna ce ta sa shi, amma babu wanda ya riƙe lissafi.

Mugun abin shi ne hanta ba ta kuka da wuri. Rana ta farko mutum ba ya jin komai sai ɗan tashin zuciya, wanda za a ce murar ce ko kafson ne. Sai bayan kwana biyu ko uku ciwo ya kama gefen dama na ciki ƙarƙashin haƙarƙari, idanu su yi ɗorawa kamar mai shawara, fitsari ya yi duhu, hankali ya fara gushewa. Akwai makarin wannan guba a manyan asibitoci, amma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8 na farko. Saboda haka in kun gane an wuce iyaka, ko yaro ya samu kwalba ya shanye, kada ku jira alama, kada ku ba da manja ko madara ku ce ya wuce. Ku ɗauki mutumin da kwalayen ku tafi.

Shawararmu mai sauƙi ce. Mutum ɗaya a gida ya riƙe maganin mara lafiya, shi kaɗai yake bayarwa, yana yin zane da gawayi ko alli a bango duk lokacin da ya bayar. A sa ɗan makaranta ya karanta kowane kwali. In ya ga an rubuta Paracetamol ko Acetaminophen, abu ɗaya ne, a zaɓi kwali ɗaya a ajiye sauran. Haɗin leda kuwa, wanda ba suna ba kwali, mu dai ba mu ga dalilin shansa ba, ko da wanda ya haɗa ɗan'uwa ne. Magungunan mura na haɗi suna kuma ɗauke da abin buɗe hanci da yakan tayar da hawan jini, da wani mai sa barci. Mai hawan jini da mai tuƙa babur su lura.

Ga yara, nauyi ake bi, ba shekaru kaɗai ba: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, kada ya wuce sau 4 a yini da kwana. Yawancin maganin ruwa na yara yana da miligiram 120 ko 125 cikin mililita 5. Yaro mai kilo 10, mililita 5 ya ishe shi a sha ɗaya. A yi amfani da ɗan kofin awo da ke zuwa da kwalbar, domin cokulanmu na gida ba girmansu ɗaya ba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ba mu manta ba, tsakanin 2008 da 2009 yara 84 suka mutu a ƙasar nan saboda maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin da guba ta shiga cikinsa. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, in ya yi zazzaɓi ba a fara masa magani a gida, asibiti ake kai shi.

Asfirin ba na yara ba ne

Wannan doka ce da ba ta da sassauci. Yaro ko matashin da bai kai shekara 16 ba, in yana da mura ko ƙarambau ko zazzaɓin da ba a san kansa ba, ba a ba shi asfirin. Akwai wani ciwo da wani likita a Ostareliya mai suna Reye ya bayyana a 1963, wanda yake kumbura ƙwaƙwalwa ya lalata hanta. Yakan zo daidai lokacin da yaro ya fara samun sauƙi, sai amai ba tsayawa, sai barci mai nauyi ko faɗa da ruɗewa, sai suma. Ba ya faruwa da yawa, amma yana kisa. Da aka gane alaƙarsa da asfirin aka daina ba yara, a Amurka har aka sa gargaɗi a jikin kwalba a 1986, sai ciwon ya kusa ɓacewa a can.

Mutane da yawa za su ce ai ba su taɓa sayen asfirin ba. To, garin Alabukun da ake zubawa a ruwa asfirin ne da sinadarin hana barci. A jikin takarda akan rubuta shi Acetylsalicylic acid. Na manya ne. Kada a raba shi biyu a ce rabi na yaro. Shan Tamiflu kuma ba ya kare yaro daga wannan hatsari.

Dattijon da likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin na kullum saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, shi kada ya daina don an ba shi Tamiflu. Su ma biyun ba sa faɗa.

Ibufurofen da danginsa

Ibufurofen, wanda ake rubutawa Ibuprofen, shi ma ba a san shi da faɗa da Tamiflu ba, kuma yana sauke zazzaɓi da ciwon jiki sosai. Babba yana shan miligiram 200 zuwa 400 bayan kowace awa 6 zuwa 8, bayan cin abinci, kada ya wuce 1,200 a yini sai da izinin likita. Amma yana da sharuɗɗa da suka fi na farasitamol yawa. Yana cin bangon ciki, don haka mai olsa ya nisance shi, kuma in ya haɗu da tashin zuciyar da Tamiflu ke kawowa a cikin da ba abinci, wahala ce. Yana takura wa ƙoda, musamman ga wanda zazzaɓi da amai suka ƙone ruwan jikinsa, ga shi kuwa ƙodar nan ce za ta fitar da Tamiflu. Mace mai ciki kada ta sha, balle in cikin ya wuce wata biyar. Wasu masu asma yakan tayar musu da ita. Diklofenak da firoksikam da manoma suke sha don ciwon baya, da asfirin, duk gida ɗaya suke da shi. Ba a haɗa biyu daga cikinsu, domin sauƙin ba ya ƙaruwa, sai dai hatsarin zubar jini a ciki.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu musamman a wannan ƙasa. Watannin da mura take yawa, daga Disamba zuwa Afrilu, su ne watannin zazzaɓin Lassa, wanda ɓera yake yaɗawa ta fitsari da kashinsa a kan hatsi da abinci. An fara gane shi a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma ma'aikatan jinya na mishan ne suka fara rasa rayukansu. Farkonsa ba shi da bambanci da mura ko maleriya: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, kasala. In ya yi nisa yakan sa zubar jini. Asfirin da ibufurofen suna hana jini daskarewa da wuri, wato suna taimaka wa cutar. Don haka muddin ba a gwada an san wane zazzaɓi ne ba, farasitamol kaɗai ya kamata a taɓa. Gwajin maleriya na ɗigon jini a yatsa ba ya wuce minti 20 a ɗakin shan magani. In an sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku zazzaɓi bai sauka ba, a koma a faɗa, kada a canja kemis.

In jiki ya yi sanyi

Kuskuren da muka fi gani bayan na lissafi shi ne wannan. An sha Tamiflu da farasitamol tare, bayan awa guda gumi ya karyo, jiki ya yi sanyi, sai a ce an warke, a ɓoye sauran kafson don wata rana tunda da tsada aka saye shi. Farasitamol ne ya sauke zafin, bairos yana nan. Dokar magungunan biyu ba ɗaya ba ce. Farasitamol ana shansa ne in akwai zazzaɓi ko ciwo, in babu a bar shi. Tamiflu kuwa ana shansa a kan lokaci har kwana 5 su cika, ko da mutum ya tashi yana yawo. In an manta, a sha da zarar an tuna, sai dai in saura ƙasa da awa 2 lokacin na gaba ya yi, to a bar wanda aka manta. Ba a haɗa biyu. Ba a kuma raba wa wani a gida don shi ma ya fara tari.

Saukar zazzaɓi da magani ba ta nufin mutum ya daina yaɗa cutar. Ya zauna a gida har ya yi yini da kwana ba zazzaɓi ba tare da ya sha farasitamol ba. Fasto da dattawa ba za su riƙe shi da laifi ba don ya rasa sujadar Lahadi ɗaya. Masu zuwa gaisuwa kuma su rage, musamman masu ciki da masu goyo.

Farasitamol yana iya rufe ciwo yana ci a ɓoye, saboda haka a riƙa duban mutumin, ba zafin jikinsa kaɗai ba. Ba a kwana da mara lafiya a gida in numfashi yana yi masa wuya ko yana sauri, ko haƙarƙarin yaro yana shiga ciki in ya ja iska, ko ƙirji yana ciwo, ko leɓe ya canja launi. Haka nan in wuya ya sanƙare, domin lokacin sanƙarau ne ma, ko ya yi jijjiga, ko yana surutai da abubuwan da ba halinsa ba, ko ya kasa sha, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko jini ya fito ta hanci, dasashi, amai ko bayan gida. In kuma ya samu sauƙi kwana biyu sa'an nan zazzaɓi da tari suka dawo da ƙarfi, sau da yawa alamar ciwon huhu ce, wanda yake bukatar wani magani daban. Wanda kajinsa suke mutuwa da yawa sa'an nan shi ma ya kwanta da zazzaɓi, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya zancen kajin tun kafin a tambaye shi.

Sa'ad da za ku tafi, ku tattara duk abin da mara lafiya ya sha cikin leda ɗaya, da kwalaye da takardun gari da ragowar haɗin kemis, har da jiƙon gargajiya in an ba shi, ku miƙa wa nas ko likita, ku faɗi sau nawa aka sha kowanne da kuma yaushe aka sha na ƙarshe.